Makokin Yahudawa da Dokar da ke Duban Masu Rai

Idan Bayahude mai riƙo da addininsa ya yi rashin uwa ko uba, ko ɗa, ko ɗan'uwa, ko abokin zaman aure, shari'arsu ba ta bar masa zaɓin yadda zai yi baƙin cikinsa ba. Kafin a sa gawa a kabari zai tsaga rigarsa a ƙirji, ɓangaren hagu idan mahaifi ne ko mahaifiya, ɓangaren dama idan wani ne daban. Da an dawo daga maƙabarta sai ya tuɓe takalmin fata, ya zauna a kan 'yar gajeriyar kujera, kwana bakwai ba aski, ba wankan jin daɗi, ba fita kasuwa ko wurin aiki. Abincin da zai fara ci maƙwabta ne za su kawo, galibi burodi da dafaffen ƙwai. A gidaje da yawa akan rufe madubai da ƙyalle, a kunna kyandir mai ci har mako guda. Wanda ya zo gaisuwa kuwa zai zauna shiru, ba zai ce uffan ba sai mai makoki ya fara magana. Wannan zama shi suke kira shiba. Bayansa hanin yakan ragu har cikar kwana 30, sannan wanda ya rasa iyaye yana da sauran hani har wata 12. Mai kallo daga waje zai ɗauka tsarin a dunƙule ya zo tun zamanin Annabi Musa, kuma don mamaci aka yi shi. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya ba. Hawa-hawa aka gina shi cikin fiye da shekara dubu, kuma a kusan kowane hawa idon malamai yana kan wanda aka bari: talakan da ba shi da kuɗin likkafani, marayan da bai iya karatu ba, matar da ba a ga gawar mijinta ba. A ganina wannan ne ya sa dokar ta shigo zamanin asibiti da jirgin sama da gwajin jini ba tare da ta karye ba.

Abin da Attaura ta faɗa a kan makoki kaɗan ne, kuma yawancinsa labari ne. Yusuf ya yi wa mahaifinsa Yakubu makokin kwana bakwai. Bani Isra'ila sun yi kukan Haruna kwana 30, haka ma na Musa. A littafin Ayuba, abokansa sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya buɗe baki. Umarnin a binne gawa a ranar da aka mutu ma a kan wanda aka zartar wa hukuncin kisa ya zo, malamai ne suka ce idan mai laifi ya cancanci wannan mutunci to ballantana sauran jama'a. Ainihin aikin tsara dokar ya kankama ne bayan Rumawa sun rushe Haikalin Birnin Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya, lokacin da ragamar addini ta bar hannun limaman Haikali ta koma hannun malamai. Fatawoyinsu aka tattara a littafin Mishna wajen shekara ta 200, sannan muhawarar da aka yi a kansu a makarantun Falasɗinu da Babila ta zama Talmud.

A cikin Talmud, a sashen da ake kira Mo'ed Katan, akwai jerin gyare-gyaren da ya kamata duk mai son fahimtar wannan al'ada ya tsaya a kansu. A da masu hali kan kai abinci gidan makoki cikin kwandunan azurfa da zinariya, talakawa kuwa cikin kwandon saƙa. Talakawa suna jin kunya, sai aka kafa doka kowa ya kai a kwandon saƙa. Masu hali kan shayar da baƙi a kofin farin gilashi, talakawa a mai launi wanda ya fi araha, sai aka ce kowa ya yi amfani da mai araha. Akan bar fuskar gawar mai kuɗi a buɗe, a rufe ta talaka domin yunwa ta duhunta ta, sai aka ce a rufe ta kowa. Makara ma aka mai da ta iri ɗaya. Mafi muni shi ne tsadar suturar gawa, wadda ta kai har fitar da mamaci ya fi wa danginsa wuya a kan mutuwar kanta, wasu su yar da gawar su gudu. Rabban Gamaliyel, shugaban malamai kuma mutum mai dukiya, ya bar wasiyyar a binne shi cikin farin lilin ba ado. Da babba ya yi haka, kunya ta bar kowa, har wani malamin Babila na baya, Rab Papa, ya shaida cewa a zamaninsa ana binne mutane da ƙyallen da kuɗinsa bai wuce zuz ɗaya ba. Abin lura a nan shi ne dalilin da littafin ya bayar a kowane gyara. Bai ce mamaci zai ji daɗi ba. Ya ce talaka mai rai yana jin kunya, kuma wannan kaɗai ya isa a sauya abin da aka gada. Har yau farin likkafani marar aljihu ake sa wa attajiri da matsiyaci, cikin akwatin katako ba ado, a Isra'ila ma galibi ba akwatin.

Kamar yadda aka rage tsada, haka aka sa wa kukan kansa iyaka. Talmud ya raba kwanakin: uku na kuka, bakwai na jimami da ambaton mamaci, 30 na barin aski da ado, ya kuma tsawatar wa mai wuce haka. Shamu'el, babban malamin Babila na ƙarni na 3, ya kafa ƙa'idar cewa duk inda malamai suka saɓa a kan hukuncin makoki, ra'ayi mafi sauƙi za a bi. Rassan wannan ƙa'ida suna ko'ina. Rana ta bakwai ba a cika ta, ɗan zama da safe ya wadatar, domin yanki na yini ana lissafa shi yini. Ranar Asabar tana cikin lissafi amma ba a nuna makoki a bainar jama'a. Idan babban idi ya shigo bayan an fara zaman, ya shafe sauran kwanakin. Talakan da ba shi da abin kai wa baka yana iya komawa sana'arsa a ɓoye bayan kwana uku. Wanda labarin rasuwa ya iske bayan kwana 30 ɗan lokaci kaɗan zai zauna ya tashi. Wannan hukunci na ƙarshe don matafiya da fatake aka yi shi, a zamanin da wasiƙa ke shafe watanni a hanya, kuma shi ne ya yi wa miliyoyin baƙin haure amfani lokacin da Yahudawan Gabashin Turai suka yi ta ƙaura zuwa Amurka daga 1881, suka bar iyaye a ƙauyukan Rasha da Folan.

Addu'ar da aka fi sanin makokin Yahudawa da ita, Kadish, ta shigo daga baya ƙwarai. Tsohuwar addu'a ce ta ɗaukaka sunan Allah, da harshen Aramiyanci, babu ambaton mutuwa a cikinta, kuma a rufe karatu ko sashen ibada ake yin ta. Sai a ƙarni na 12 da na 13, a garuruwan bakin kogin Rayin na Jamus, ta zama ta masu makoki. Waɗannan garuruwa, Mainz da Worms da Speyer, su ne mayaƙan yaƙin Salibi na farko suka far wa a 1096, kuma masana tarihi da dama suna danganta sabbin al'adun tuna matattu da abin da ya biyo bayan wannan kisa. Dalili na kusa ya fi sauƙi. An so ɗa ya ja jama'a ibada domin ladan ya kai ga mahaifinsa, amma yaro ƙarami ba ya limanci. Sai aka ba shi wannan gajeriyar addu'a, ya miƙe ya karanta, jama'a su amsa masa. Sharaɗinta shi ne mutum goma, saboda haka wanda ke son yi wa uwarsa Kadish dole ya fita daga ɗaki safe da yamma ya shiga cikin mutane. Musa Isserles na Krakow, wanda ya yi wa littafin shari'a na Shulhan Aruk na Yusuf Karo ƙarin bayani bayan an buga shi a Benis a 1565, ya tabbatar da al'adar tsayawa a wata 11. Hujjarta ita ce an ce hukuncin miyagu a lahira wata 12 ne, ɗa kuwa ba zai so a ɗauka yana lissafa mahaifinsa cikinsu ba. A wannan zamani ne kuma, a 1564, aka kafa sananniyar ƙungiyar jana'iza ta birnin Purag, wadda ta zama abin koyi ga garuruwa da yawa: 'yan sa-kai ke wanke gawa, su suturta ta, su tsare ta har kabari, ko da mamacin ba shi da kowa.

Karo na farko mai tsanani da hukumar zamani ya zo a 1772. Turai ta cika da tsoron a binne mutum da ransa, sai mai mulkin Mecklenburg-Schwerin a arewacin Jamus ya umarci Yahudawan ƙasarsa su riƙa jinkirta binnewa kwana uku. Jama'ar suka nemi taimakon Musa Mendelssohn, masanin falsafa na Balin. Ya rubuta musu takardar koke da ke neman a maye gurbin jinkirin da shaidar likita, amma a wasiƙarsa gare su ya ce umarnin bai saɓa wa addini ba, tunda magabata kan ajiye gawa a kogo su riƙa duba ta. Malam Yakubu Emden ya ƙi wannan fassara ƙememe, bayan shekaru kuma Musa Sofer na Pressburg ya ƙara ƙarfafa ƙin. Wanda ya tsaya a nan zai ce ga shaidar taurin kai. Amma a cikin ƙarnin Mendelssohn ɗin ne aka aiko wa Ezekiyel Landau, babban malamin Purag, tambaya daga Landan: wani mutum ya mutu bayan tiyatar tsakuwar mafitsara, likitoci suna son buɗe gawarsa su koyi darasi. Landau ya hana a wannan karon, amma ya faɗi inda halaccin yake, wato idan akwai marar lafiya a gabanmu mai irin wannan ciwo wanda binciken zai iya ceto, domin ceton rai ya rinjayi alfarmar gawa. Ƙofa ce 'yar ƙarama, amma ta nan aka bi. Wasu malaman ƙarni na 20 suka ce a zamanin tarho da jirgin sama marar lafiyan da ke wata nahiya ma yana gabanmu. A 1986 majalisar manyan malaman Isra'ila ta amince da dashen zuciya bisa sharuɗɗa, a 2008 kuma majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a kan mutuwar ƙwaƙwalwa. Har yanzu akwai manyan malamai da ba su yarda mutum ya mutu ba muddin zuciyarsa na bugawa, kuma dokar ta bar wa iyalai damar bin wannan ra'ayi.

Jarrabawa mafi girma ita ce mutuwar da ba gawa ba kabari. Duk lissafin makoki daga ranar binnewa ko ranar rasuwa yake farawa, to ya za a yi da mutum miliyan 6 da 'yan Nazi suka kashe, waɗanda da yawansu ba a san ranar ba balle wurin? A unguwar da aka killace Yahudawa a Kovno ta Lituwaniya, wani matashin malami, Efrayim Oshry, ya riƙa amsa tambayoyin mutane yana rubutawa a guntayen takardu, ya binne su a gwangwanaye, ya tono su bayan yaƙi. An tambaye shi ko ya halatta a sa tufafin waɗanda aka harbe, alhali ƙa'ida ita ce a binne wanda aka kashe da kayan da jininsa ya taɓa. Ya halatta, domin an sa mutanen sun tuɓe kafin a harbe su, kuma rayayyu suna fama da sanyi. Bayan yaƙi an tambaye shi ko Bayahude zai iya yi wa wata Kirista da ta ɓoye shi Kadish, ya ce ya yi. Majalisar malaman Isra'ila kuma, a shekarun farko na kafuwar ƙasar, ta ware ranar 10 ga watan Tebet na kalandar Yahudawa, wadda dama ranar azumi ce, ta zama ranar Kadish ga duk wanda ba a san ranar mutuwarsa ba.

Inda rashin gawa ya fi ciwo shi ne a kan matar aure. A shari'ar Yahudawa aure ba ya warwarewa sai da takardar saki daga hannun miji ko tabbacin mutuwarsa. Babu wa'adin jira irin na mazhabar Malikiyya, inda matar wanda ya ɓace kan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara sannan ta yi idda. Matar da ta maƙale haka ana kiran ta aguna. Malaman Mishna sun san nauyin abin, shi ya sa suka sassauta ƙa'idar shaida fiye da ko'ina: mutum ɗaya ya isa, mace ma ta isa, har ita matar kanta, alhali a sauran shari'o'i maza biyu ake nema. Amma sun bar ƙulli ɗaya, cewa wanda ya nitse a ruwan da ba a hango gaɓarsa ba a yanke masa mutuwa, don wataƙila ya fita a wani wuri. Da jirgin ƙarƙashin teku na Isra'ila mai suna Dakar ya ɓace a Bahar Rum a Janairun 1968 da mutum 69, wannan ƙulli ne Malam Shlomo Goren ya zauna ya kwance, ya halatta wa matansu sake aure tun shekaru da yawa kafin a gano tarkacen jirgin a 1999. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 Malam Obadiya Yusuf, haifaffen Bagadaza, ya bi fayil ɗin ɗaruruwan sojoji ɗaya bayan ɗaya don wannan manufa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Niyu Yok, kotun malamai ta Amurka ta karɓi gwajin ƙwayar halitta da bayanan kiran wayar da mazajen suka yi daga benayen da ke sama da inda jirgi ya daka. Babu malamin Talmud da ya san waɗannan hujjoji, amma tambayar da aka yi musu ita ce tsohuwar tambaya: shin alamar ta kai a ce babu sauran shakka?

Mai suka zai ce dokar da ke lanƙwasawa haka ai bin zamani kawai take, tana nemo hujja daga baya. Da haka ne da ta lanƙwasa ko'ina. Ƙona gawa ya fi binnewa araha a Amurka da Turai, kuma malaman ɓangaren Rifom mai sassauci sun yarda su halarci irin wannan jana'iza tun 1892, amma ɓangaren Otodoks mai riƙo da tsohuwar shari'a bai matsa ko taku ɗaya ba wajen hana ƙonawar. Da filin kabari ya yi ƙaranci a Isra'ila, sai aka gina maƙabartu masu hawa kusa da Tel Abib, aka haɗa benayen da doron ƙasa ta bututun da aka cika da turɓaya, a Birnin Ƙudus kuma aka haƙa ramuka a ƙarƙashin dutse aka buɗe su a 2019, bisa misalin kogunan binnewa na dā irin na Bet She'arim. Siffar kabari ta sauya, komawar jiki ga ƙasa ba ta sauya ba. Annobar korona ta 2020 ta nuna wannan layi ƙarara. Kusan kowa ya yarda a yi ta'aziyya ta waya ko ta Zoom, an kuma taƙaita wankan gawa don kare masu wankan. Amma da aka zo kan ko fuskoki goma a allon kwamfuta sun zama jam'i, malaman ɓangaren tsaka-tsaki, wanda ke tsakanin Rifom da Otodoks, suka ba da rangwame saboda larura, yawancin na Otodoks suka ce a'a, mai makoki ya karanta Mishna a gida da niyyar ladan ya kai ga mamacinsa. Ana iya ƙin hukuncin, amma ba a ce ba shi da ma'auni ba: abin da ya shafi lafiyar rayayye an sassauta, abin da zai sauya ma'anar taruwar mutane a wuri guda an riƙe.

Wata sukar ita ce zuciya ba ta bin kalanda, kuma akwai mutanen da tsarin ya bari a waje. Tsohon hukunci ya hana wa wanda ya kashe kansa da gangan wasu haƙƙoƙin jana'iza, amma malamai sun yi ta ƙuntata ma'anar ganganci har ta kai kusan kowa ana ɗaukar sa a matsayin wanda ciwo ko firgici ya rinjaya, a yi masa komai. Jaririn da bai cika kwana 30 ba kuwa babu zaman makoki a kansa. A zamanin da mace kan binne 'ya'ya da yawa a jarirai, wannan sauƙi ne gare ta. Yau da ake jin bugun zuciyar ɗa tun yana ciki, iyaye da yawa suna jin hukuncin kamar an ce ba su yi rashi ba. A shekarun 1990 malaman ɓangaren tsaka-tsaki a Amurka suka buɗe hanyar yi wa irin wannan jariri jana'iza da makoki, a cikin Otodoks ma ana ƙara barin iyaye su raɗa suna su halarci binnewa. Gyaran ya makara, kuma iyaye mata ne suka matsa kafin a yi shi.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta matsayin mace a Kadish, kuma ba na ganin za a iya wanke dokar daga gare ta gaba ɗaya. A ƙarni na 17 wani mutum a Amsitadam ya mutu ba ɗa namiji, ya bar wasiyyar a tara mutum goma a gidansa 'yarsa ta yi masa Kadish. Malam Ya'ir Bacharach na Worms ya yarda cewa a asalin shari'a babu abin da ya hana, kuma ladan zai kai, amma ya ce a hana don kada al'adu su raunana kowa ya riƙa ƙirƙiro nasa. Wato an ga mai baƙin ciki, an san tana da gaskiya, aka fifita tsoron abin da ka iya biyo baya. A 1916, da mahaifiyar Henrietta Szold ta rasu, wadda 'ya'ya mata takwas ta haifa ba namiji, wani aminin gidan ya yi tayin yin Kadish a madadinsu. Szold, wadda ta kafa ƙungiyar mata ta Hadassah, ta gode masa ta ƙi, ta ce wannan nauyi nata ne, kamar yadda uwar tasu ba ta bari wani ya karɓe musu ba lokacin da mahaifinsu ya rasu. A ɓangarorin Rifom da tsaka-tsaki maganar ta ƙare tuni, ana ma lissafa mata cikin goman. A cikin Otodoks, Malam Yusuf Eliyahu Henkin na Niyu Yok ya halatta wa mace ta karanta daga sashen mata tare da mazan da ke karantawa, kuma majami'u da yawa suna bin wannan a yau. Wasu kuwa, musamman a unguwannin masu tsananin riƙo, har yanzu idan mace ta rasa uba ba ta da ɗan'uwa namiji, sai ta nemi wani dangi ko ta biya ɗalibi ya tsaya mata wata 11.